Sa'o'i huɗu a yini: abin da kocin motsa jiki ke samu a Yamai, da inda sauran kuɗin suka maƙale

Duk wanda ya bi ta gefen babban filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai bayan sallar asuba zai tarar da wasu irin mutane da a da ba a cika ganinsu a wurin ba. Ba ƴan ƙwallo ba ne, ba kuma ƴan kokowa ba. Magidanta ne masu teɓa, ma'aikatan banki, alhazan kasuwa, da mata cikin hijabi da takalmin gudu, wasu na tafiya da sauri, wasu na sassarfa suna haki. A tsakiyarsu ba a rasa wani saurayi da usur a wuya yana ƙirga musu, yana cewa a sake. Shi ne ake kira koci, kuma yawanci ba kyauta yake wannan ƙirgan ba.

Sana'ar sabuwa ce a wurinmu, shi ya sa har yanzu dattawa da yawa ba su sa ta cikin sana'o'i ba. Idan saurayi ya je neman aure aka tambayi aikinsa ya ce yana koya wa mutane motsa jiki, sai an sake tambayarsa: to, ban da wannan fa? Amma samarin da ke shiga cikinta ƙaruwa suke yi, a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma tambayarsu guda ce. Ana ci da ita? Idan ana ci, nawa?

A intanet amsar da ke fara fitowa ta Amurka ce. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na ƙasar ya nuna cewa a shekarar 2023 matsakaicin abin da mai horar da motsa jiki ke samu ya ɗan haura dalar Amurka 46,000 a shekara. Idan aka lissafa dala guda kan sefa 600, kuɗin sun haura miliyan 27. Saurayin da ya ga wannan a wayarsa dole zuciyarsa ta buga. Sai dai wanda ke karɓar wannan kuɗi da dala yake biyan haya, da dala yake biyan likita, kuma mutanen da yake horarwa da dala ake biyansu albashi. A Faransa ma doka ba ta yarda mutum ya karɓi kuɗi don horar da wani ba sai yana da takardar shaidar da gwamnati ta amince da ita, irin wadda ake kira BPJEPS, da katin sana'a. Mu kuma a nan mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata tun farkon 2024, bayan ya shafe shekaru a kan sefa 30,047. Da wannan mudun ya kamata a auna, ba da na Amurka ba.

Kayan da koci ke sayarwa

Samari da yawa sun ɗauka ƙwanji suke sayarwa. Suna ganin idan ƙirji ya buɗe, hannu ya cika riga, masu kuɗi za su yi layi. Ƙwanji talla ce kawai. Abin da koci ke sayarwa lokacinsa ne, kuma ba dukkan lokacin nasa ke da mai saye ba.

A Yamai ma'aikaci na shiga ofis wajen ƙarfe takwas, ya tashi bayan biyar na yamma. Ɗan kasuwa ma ba zai bar shagonsa da rana tsaka ya je tsalle-tsalle ba. Ga kuma rana: a watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, babu mai hankalin da zai sa dattijo gudu da ƙarfe goma sha ɗaya. Abin da ya rage shi ne tsakanin asuba da lokacin shirin aiki, da kuma tsakanin tashi daga aiki da magariba, sai ɗan abin da aka samu kafin isha'i. Idan an yi sa'a, sa'o'i huɗu ke nan. Kuma kowa waɗannan sa'o'in yake so. Koci zai iya wuni yana hamma daga tara na safe zuwa la'asar, sannan da ƙarfe shida mutum uku su kira shi lokaci guda.

Mu malaman makaranta mun san wannan matsala ciki da waje, domin ita ce ta mai darasin gida. Yara ba su samuwa sai bayan an tashi makaranta, kuma kowane uba tsakanin la'asar da isha'i yake so a zo. Komai iya lissafin malami, ba zai iya ƙara wa yammaci tsawo ba.

Bari mu ɗauki alli mu yi lissafin. Farashin da zan sa na misali ne, kowa ya cire ya sa na unguwarsu, sakamakon ba zai yi nisa da juna ba. A ce koci na bin mutane gida, yana karɓar jika 2 a kowane zuwa, sau uku a mako. Mutum guda zai biya jika 24 a wata ke nan. Tunda sai ya hau babur daga wannan gida zuwa wancan, daga Plateau zuwa Koira Kano ko ya tsallaka gada zuwa Harobanda, sa'o'i huɗun nan horo uku kawai za su ɗauka. Uku a yini, kwana shida a mako, horo 18 ke nan, wato mutum shida. A takarda jika 144 ne a wata. Ba laifi, ko ba haka ba?

To amma a takarda ne. Alhaji ya yi tafiya Kwatano, wancan an yi masa rasuwa, wannan ya kwana yana kallon ƙwallo ya kasa tashi. Idan sai an yi horo ake biya, a ce kashi ɗaya cikin huɗu ya zube, saura jika 108. Esansi: a Yulin 2024 aka mai da lita sefa 499, lita guda a yini ta kusa jika 13 a wata. A ƙara kuɗin waya da gyaran babur, a ce jika 10. Saura 85. Sannan shekara wata goma sha biyu ce, amma ta koci ba ta kai ba. Azumi na cinye wata guda, tsananin bazara da safiyoyin damina da ake wayar gari cikin ruwa su cinye kusan wani. Idan aka raba kuɗin wata goma a kan goma sha biyu, abin da ke shiga aljihu ya koma wajen jika 70. Ya fi mafi ƙarancin albashi, amma bai ninka shi ba, kuma wannan kocin da kasuwarsa ta cika maƙil ne. Wanda ke da mutum uku sai ya raba biyu.

Wanda ke aiki a ɗakin motsa jiki na wani, wato sal kamar yadda samari ke faɗi, ya huta da yawon babur, kuma yana samun mutane ba tare da ya nema ba. Amma mai wurin na da nasa kaso, domin shi ke biyan haya da wuta da gyaran na'urori. Idan raba daidai suke yi, jika 144 ɗin nan ta koma 72 tun kafin a fara cire komai. Wasu kuma ɗan albashi ake yanka musu a wata, su buɗe da asuba su rufe da dare, su share, su goge ƙarafa. Amfanin sal ga sabon shiga shi ne makaranta ce, a nan zai koyi mutane, mutane su san shi. Wanda ya shekara biyar a sal ɗin wani bai tara mutanensa na kansa ba, to, mai gadi ne da ƙwanji.

Akwai kuma wata kasuwa da ta ragu. Manyan otal-otal irin su Radisson Blu da Noom da Bravia da aka buɗe a 2019, shekarar da Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, sun zo da baƙi masu biya da tsada, ga ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin waje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojojin Faransa sun fice a Disamba, ofishin jakadancinta ya rufe a Janairun 2024, na Amurka kuma suka kammala ficewa a Satumban 2024. Ra'ayin kowa kan wannan daban, ba shi ne zancenmu ba. Abin da ya shafi koci shi ne, wanda ya gina farashinsa kan aljihun Bature dole ya sake gini. Mai biyan da ya rage ɗan ƙasa ne, mai ƙirga kuɗinsa da dala-dala.

Sa'a guda, mutum goma

Tunda ba a iya ƙara sa'o'i, hanya biyu ta rage: ko a ƙara kuɗin sa'a, ko a ƙara yawan waɗanda ke biyan sa'ar. Ta farko tana da iyaka, domin masu iya biyan jika 5 a kowane zuwa ba su da yawa, kuma duk kocin garin su yake farauta. Ta biyu ce ke da faɗi.

A koma allo. Mutum goma, kowa jika 5 a wata, sau uku a mako, a fili guda. Jika 50 ke nan a kan sa'o'i goma sha biyu, wato sa'a guda ta haura jika 4, ninki biyu na bin gida. Shi kuma mai biya horo guda bai kai masa sefa 500 ba, kuɗin da malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci zai iya fitarwa ba tare da uwargida ta ɗaure fuska ba. Idan koci ya haɗa rukuni biyu, ɗaya Litinin da Laraba da Juma'a, ɗaya Talata da Alhamis da Asabar, sa'ar asuba kaɗai ta ba shi jika 100. Sauran horo biyun na yini ya bar wa masu son a zo musu gida, mutum huɗu, jika 96. Jimilla 196 maimakon 144, kuma gumin da ya zubar bai ƙaru ba.

Rukuni na da wata fa'ida da lissafi ba ya nunawa. Mutum guda idan ya gaji ya daina, ya tafi da kashi ɗaya cikin shida na abincin gidan koci. A rukuni idan ɗaya ya fita, jika 5 ce ta fita. Ban da haka, mutanenmu sun fi jin kunyar abokansu a kan kunyar koci. Wanda zai kashe waya don kada koci ya same shi ba zai so a yi masa tsiya a fada cewa ya gudu ba. Saboda haka rukunin da ya fi daɗewa shi ne wanda dama can a haɗe yake: ƴan fada guda, ma'aikatan ofis guda, masu sallah a masallaci guda, ƴan layi guda a kasuwa. Koci ba sai ya tara baƙin juna ba, ya nemi wanda ake jin maganarsa a cikinsu, ya sauƙaƙa masa nasa kuɗin ko ya yafe masa, shi zai jawo sauran.

Sai dai rukuni ba taron jama'a ba ne. Aji mai ɗalibai tamanin mun san yadda yake, na gaba ke karatu, na baya na barci. Idan mutane suka wuce goma sha biyu ko sha biyar, koci ba zai ga wanda ke lanƙwasa baya ba daidai ba, kuma ranar da ƙugun wani ya riƙe, labarin zai riga shi isa kowace unguwa.

Sai batun karɓar kuɗi, wanda a ganina ya fi kashe sana'ar nan a kan rashin masu zuwa. Mai darasin gida ya san zancen: malam, a yi haƙuri sai albashi ya fito. Albashi ya fito, a ce an yi hidima. Wata biyu, uku, ranar da ka matsa a ce yaron ma ya gaji da darasin. Koci ma haka ake yi masa, har ya fi, domin wanda yake bin bashin ya zama kamar aboki, sun yi gumi tare, suna raha, nauyin baki ya hana tambaya. Maganin abin a farko yake. Kuɗin wata ake karɓa, kafin a fara, cikin kwanakin farko na wata lokacin da albashi ke hannu. Wanda ba zai zo ba ya faɗa tun da dare a sauya masa rana, wanda ya yi shiru horonsa ya ƙone. A faɗi wannan ranar farko, da fara'a, a kuma rubuta a tura masa ta WhatsApp. Yanzu da ake da Nita da Amana da Airtel Money, uzurin ban fito da kuɗi ba ya ƙare. Mutumin da ya riga ya biya kuma shi ke tashi da asuba, domin ko bai ji tausayin jikinsa ba zai ji na kuɗinsa.

Koci ya riƙe kaye guda. Sunan kowa, ranar da ya fara, nauyinsa, faɗin cikinsa da ma'aunin tela, mintocin da yake ɗauka kafin ya zagaye fili, abin da ya biya. Masu daina zuwa galibi a wata na biyu suke dainawa, lokacin da ɗoki ya wuce kuma madubi bai nuna komai ba. Ranar nan kaye ke aiki: Alhaji, ran da ka fara zagaye biyu ka tsaya, yau ka yi shida. Riƙe tsohon mutum ya fi neman sabo araha nesa ba kusa ba.

Waɗanda ba a zuwa wurinsu

Yawancin kocinmu samari suke nema, masu son ƙirji da damtse. Su ne kuwa suka fi kowa rashin kuɗi, kuma ba su buƙatar koci sosai. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya ga yadda samarin unguwar Kara-Kara ke gina jiki da ƙarafan da suka harhaɗa da kansu. A kowane gari akwai irinsu, da siminti a gwangwani da sandar ƙarfe, babu wanda suka biya ko dala. Kuɗin na wurin waɗanda likita ya tsorata.

Hawan jini da ciwon suga sun shiga gidajen birni, wannan ba sai an faɗa wa kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Likita zai faɗa wa majinyaci ya riƙa motsa jiki, amma ba zai bi shi gida ya nuna masa yadda ake yi ba. Magidanci ɗan shekara hamsin da biyar da aka ce masa jininsa ya hau yana da tsoro, yana da kuɗi, kuma idan ya yi ritaya yana da lokaci da ƙarfe takwas ko tara na safe, sa'ar da ba mai saye. Amma wannan kasuwa ba ta ɗan koyo ba ce. Ba a fara wa irin wannan mutum komai sai likitansa ya yarda. Koci ya san cewa mai shan maganin suga ko mai allurar insulin sugansa na iya faɗuwa yana cikin atisaye, ya ajiye dabino ko sukari kusa. Ya san cewa mai hawan jini ba a sa shi ɗaga nauyi yana riƙe numfashi. Ya san cewa ciwon ƙirji ko jiri ba ragwanci ba ne, tsayawa ake yi a nufi asibiti. Kuma kada ya kuskura ya ce wa wani ya ajiye maganinsa tunda yanzu yana gudu. Kocin da ya san iyakarsa, likitoci da kansu za su riƙa turo masa mutane, kuma babu tallar da ta kai wannan.

A nan takarda ke da amfani. Cibiyar INJS da ke Yamai ita ce ke horar da malaman wasanni da motsa jiki, ƙungiyoyin wasanni na ƙasa kan shirya kwasa-kwasan masu horarwa, ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge kuma na koyar da taimakon gaggawa. Wanda ya kasa na farko kada ya rasa na ƙarshe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kasuwar da ta fi kowace girma kuwa ta mata ce, kuma kusan a rufe take saboda ƙarancin mata masu horarwa. Magidanci ba zai bar saurayi ya shiga gidansa ya keɓe da iyalinsa da sunan atisaye ba, addini bai yarda ba, al'ada ma haka, matan da kansu da yawa ba za su sake ba. Amma mace ƴar'uwarsu za ta shiga har tsakar gida. Kuma lokacin da matan gida ke da sarari shi ne hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora na rana, wato daidai sa'o'in da namiji koci ke zaman banza. Rukuni ma a shirye yake, ga ƴan adashi, ga ƴan foyandi, mata takwas ko goma da suka saba haɗuwa a gida guda kuma suka saba tara kuɗi a kan lokaci. Yarinyar da ta yi wasan guje-guje ko taekwondo a makaranta, ta yi kwas, ta samu tabarmi goma da igiyoyin tsalle, wallahi za ta iya wuce yayanta mai ƙwanji samu.

Sai dai ta san abin da za ta tallata. Idan ta shiga gida tana cewa za ta ramar da mutane, wasu za su nuna mata ƙofa, domin a wurare da yawa a ƙasar nan cikar jiki ado ce, har akwai masu shan ƙwayoyi irin su dexamethasone don su yi ƙiba, abin da ke jawo hawan jini da suga. Abin da ke damun matan shi ne ciwon gwiwa, ciwon baya, nauyin jiki bayan haihuwa, kasa tsayuwar sallah mai tsawo. Wadda ta ce za ta taimaka a kan waɗannan za a saurare ta.

Akwai kuma kasuwannin lokaci-lokaci, waɗanda ke cike ramin watannin da aiki ke ja baya. Duk sa'ad da aka buɗe ɗaukar sojoji ko jandarmomi ko ƴan sanda ko gardi, akwai gwajin gudu da na ƙarfin jiki, kuma ɗaruruwan samari da ƴan mata ke neman wanda zai shirya su cikin makonni shida ko takwas. Iyaye na biyan wannan ba gardama, domin aiki ake nema. Ɗaliban BEPC na da jarrabawar wasanni, makarantu masu zaman kansu kuma kan ɗauki malamin wasanni su biya shi bisa sa'a. Ga maniyyata aikin hajji: sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar jifa, kuma da yawansu dattawa ne da suka shekara ba su yi tafiyar kilomita guda a ƙasa ba. Wata biyu na tafiyar safe kafin tashi alheri ne gare su, abinci ne ga koci. Azumi ma ba dole ya zama watan zama ba. Ana iya mai da horo ya zama mai sauƙi dab da shan ruwa, ko bayan asham, a rage kuɗin, da babu gara ba daɗi.

Su TikTok da Facebook fa? Suna da amfani a matsayin allon talla, shi ke nan. Mabiya dubu hamsin da ke Kano da Abidjan ba za su zo filin unguwarku da asuba ba. Bidiyo guda da ke nuna dattijo na motsa gwiwarsa cikin natsuwa, da izininsa, ya fi hoto ɗari na koci ba riga.

Kuɗin da ke cin mai shi

Akwai hanyar da ke kawo kuɗi da sauri, kuma duk wanda ya daɗe a sal ya san ta: sayar da gari da ƙwayoyi da allurai. Saurayi ya zo yana son ƙirji cikin wata biyu, koci ya ja shi gefe. Ribar gwangwani guda na iya fin kuɗin horon mako. Garin furotin na gaskiya ba haramtacce ba ne, amma wanda ke iya samun ƙwai da wake da gyaɗa da nono da kilishi bai cika buƙatarsa ba, kuma abin da ke yawo a kasuwa ba tare da an san inda ya fito ba Allah kaɗai ya san me ke ciki. Alluran ƙara tsoka kuwa, waɗanda ake kira steroid, suna lalata hanta, suna taɓa zuciya, suna rage ƙarfin haihuwa. Tramol da wasu ke sha don kada su ji gajiya, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ta hana lokacin gasa tun farkon 2024, mu kuma mun ga abin da ya yi wa samarin unguwanninmu tun kafin nan. Kocin da ya shiga wannan ya zama dillalin ƙwaya, kuma alhazai da likitoci da iyayen da muka lissafa a sama babu wanda zai sake miƙa masa jikinsa ko na ɗansa. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo wa ƙasar nan azurfa daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, yara da yawa sun shiga wasanni saboda shi. Iyayen yaran nan amana suke nema kafin su biya.

Kwangilar ma'aikatu

Mataki na sama a sana'ar shi ne ma'aikata ta ɗauki koci don ma'aikatanta: banki, kamfanin waya, ƙungiya mai zaman kanta, sau biyu a mako bayan tashi daga aiki ko safiyar Asabar. Kwangila guda irin wannan na iya kai kuɗin rukuni biyu, kuma ba a bin mutum ɗaya-ɗaya ana roƙo. Amma akanta ba ya fitar da kuɗi a kan fatar baki. Zai nemi faktir, faktir kuma na buƙatar lambar haraji ta NIF da rajistar sana'a, waɗanda a Yamai ake yi a Maison de l'Entreprise. Samari da yawa na gudun wannan don tsoron haraji, sai kwangilar ta tafi wurin wanda bai kai su iya aiki ba amma yana da hatimi.

Wanda ya samu irin wannan aiki ya tambayi abu biyu kafin ya sa hannu: bayan kwana nawa ake biya idan an kai faktir, da kuma wa ke da alhaki idan ma'aikaci ya ji ciwo a wurin horo. Ma'aikatu kan ɗauki wata guda ko biyu kafin kuɗi su fito, saboda haka kada koci ya sallami rukuninsa na asuba ranar da ya samu kwangila, su ne za su riƙe masa esansi da cefane har akanta ya sa hannu.